Maganin Ciyawa da Ciwon Karkarwa

Da farkon damina, in mun zaga gonakin Bomo, mukan tarar da samari suna feshin maganin ciyawa, famfo a baya, ba riga ba takalmi. In famfon ya toshe, wani ma da baki yake hurawa. 'Yan'uwa manoma, akwai magana a nan.

Jikin mutum an gina shi ne da ƙwayoyi ƙanana waɗanda ido ba ya gani. A cikin kusan kowace ƙwaya akwai wasu 'yan murahu da likitoci ke kira maitokondiriya. Su ne ke ƙone abincin da muka ci su mai da shi ƙarfi. Ƙwayoyin ƙwaƙwalwa na cikin masu bukatar wannan wuta ƙwarai, kuma wadda ta mutu da wuya a sami madadinta. In murahun suka lalace a sashen da ke sarrafa motsi, sai hannu ya soma rawa, jiki ya sandare, tafiya ta yi nauyi. Wannan shi ne ciwon Parkinson, wanda wani likitan Landan, James Parkinson, ya bayyana a 1817.

A 1982, a Kalifoniya ta Amurka, wasu masu allurar miyagun ƙwayoyi suka sandare cikin 'yan kwanaki. Aka gano gubar da ke ciki ta kashe murahun nan ne, kuma ƙirarta ta yi kama da ta paraquat, maganin da muka sani da Gramoxone. Wani bincike na 2011 kan manoman Amurka ya nuna ciwon ya fi kama masu amfani da paraquat, kusan ninki biyu da rabi. Ƙasashen Tarayyar Turai sun hana shi tun 2007, hukumar NAFDAC kuma ta hana shi a Nijeriya daga 2024.

To, mai sayen magani a kasuwar Samaru ko Sabon Gari ya sa a karanta masa takardar kwalba. In an ga paraquat, ya bar shi. Mai feshi ya sa doguwar riga, takalmin roba da safar hannu, ya rufe hanci, ya ba iska baya, ya yi wanka da sabulu kafin cin abinci. Kada a zuba ruwan sha ko man gyaɗa a tsohuwar jarkar magani.

Dattijon da hannunsa ke rawa kuwa, kada a ce tsufa ne ko sammu. A kai shi Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello a Shika. Maganin levodopa ba ya warkarwa, amma yakan sassauta, har mutum ya koma cin tuwo da hannunsa.