Gubar Da Ba Ta Shiga Sai Ta Ƙofa

Maganarmu ta yau a kan wata guba ce wadda ido ba ya gani, hanci kuma ba ya jin warinta. Ta shafe ka in kana haƙar ma'adini, ko kuwa kana da ɗa ko ƙane da ya tafi ci-rani wurin haƙa.

Akwai waɗansu duwatsu masu ɗauke da ƙarafa irin su yuraniyam da toriyam. Dare da rana waɗannan ƙarafa suna harba waɗansu 'yan mitsi-mitsin harsasai, masana suna ce da su alfa. Ana samunsu a duwatsun Riruwai ta ƙasar Kano, da cikin yashin da masu wankin kuza suka bari tsibi-tsibi a Jos da Bukuru, da kuma Arlit ta ƙasar Nijar, inda aka fara fitar da yuraniyam a 1971.

Harsashin alfa ba ya cin dogon zango. Cikin iska iyakarsa inci biyu ko uku. Fallen takarda guda yana tare shi, haka ma fatar jikinka. To, ka tuna da ganuwar Kano. Ta hana mahara ƙetarowa, amma wanda ya shigo ta Ƙofar Dawanau ya shiga gari ke nan. Fatarka ita ce ganuwa. Hanci da baki da buɗaɗɗen miki su ne ƙofofi.

An gina jikin mutum da ƙananan ƙwayoyin halitta, kamar yadda ake gina soro da tubali. In ƙurar nan ta shiga ta zauna, alfa yakan sauke ƙarfinsa duka a kan 'yan ƙwayoyin da ke kusa da shi. Wata ta mutu. Wata kuwa ta warke a karkace, ta yi ta hayayyafa ba tsayawa, watau sankara ke nan. Masana sun ƙiyasta ɓarnarsa ta ninka ta hasken ɗaukar hoto na asibiti sau 20, in ƙarfinsu ɗaya. Ciwon ba ya gaggawa, yakan yi shekara 10 ko 20 kafin ya bayyana.

Kowace guba da inda take sauka. Yuraniyam yana ɓata ƙoda. Radon, wata iska da ke fitowa daga irin duwatsun nan, tana taruwa a rami da ɗaki marar taga, ta cuci huhu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce in ka cire taba, radon ce kan gaba wajen kawo sankarar huhu. Radiyam kuwa ƙashi yake nufa. A Amurka, tun daga 1917, 'yan mata masu shafa fentin radiyam a fuskar agogo sukan lashi bakin burushi don ya yi tsini. Muƙamuƙinsu ya ruɓe, da yawa suka mutu da ƙuruciyarsu.

To, ga yadda za ka tsare ƙofofinka:

1. Ka yayyafa ruwa kafin ka fasa dutse, don ƙura ta kwanta.
2. Kada ka ci abinci ko goro a wurin haƙa sai ka wanke hannu da sabulu.
3. Kada ka yi yaɓe ko tubali da yashin kuza, kada kuma yara su yi wasa a kansa.
4. Kada ka sha ruwan tsohon kududdufin haƙa.
5. Ka yi wa ɗakinka taga, ka riƙa buɗe ta.
6. Ka bar taba. Ita da radon in sun haɗu a huhu ɓarnar ninkuwa take yi.

In tari ya wuce mako biyu, ko ka ga jini a majina, ka zo ɗakin shan magani, ka gaya wa malamin asibiti irin aikin da ka taɓa yi, ko da ya daɗe. Rigakafi ya fi magani. Allah ya ba mu lafiya, amin.