Gangare, Igiya da Gogayya: Tambayar da ke Kayar da Masu Neman Injiniyanci

A garin Kota na jihar Rajasthan ta Indiya, inda dubban ɗalibai kan tare don shirin jarrabawar JEE, akwai zanen da kusan kowane allo ya san shi: katako kwance a gangare, an ɗaura masa igiya, igiyar ta bi ta kan kura, irin wadda ake kafawa a bakin rijiya mai zurfi, sannan wani nauyi yana reto a ɗaya bakin. Sama da ɗalibai miliyan ɗaya ke zana matakin farko na jarrabawar a shekara, kowa na hangen gurbi a manyan makarantun fasaha na IIT. Ba a shiga da kwakuleta, kuma a matakin farkon amsar daidai maki 4 ce, ta kuskure a zabtare maka 1.

Kayan aikin kuwa tsofaffi ne. Isaac Newton ya wallafa dokokin motsi a 1687. Bafaranshe Guillaume Amontons ya nuna a 1699 cewa gogayya tana bin yadda abu ya danne ƙasa, ba ruwanta da faɗin gindinsa. Kurar mai nauyi biyu kuma George Atwood na Ingila ne ya bayyana ta a 1784. Mai shirya tambaya yakan haɗa ukun a tukunya ɗaya ne kawai.

A ɗauki katako mai kilo 5 a gangare mai digiri 37. Ba banza ake son wannan kusurwa ba: sayin ɗinta kusan 0.6 ne, kosayin 0.8, lissafi ya yi sauƙi da ka. Idan an ɗauki jan ƙasa a matsayin 10, nauyin katakon niyuton 50 ke nan. Sai a raba shi gida biyu: 30 na jansa ƙasan gangare, 40 na danna shi jikin gangaren. In ma'aunin gogayya 0.5 ne, iyakar abin da gogayya za ta iya riƙewa rabin 40 ne, wato 20.

Yanzu a rataya kilo 4 a bakin igiya, niyuton 40. Nan ne ramin yake. Ɗalibi mai gaggawa zai rubuta 40, ya ɗebe 30, ya ɗebe 20, ya ga ya ci bashin 10, sai ya yanke cewa katakon baya zai zame. Amsar tasa ma tana iya kasancewa cikin zaɓin da aka jera, tana jiransa. Alhali babu abin da ya motsa. Ratar da ke tsakanin jan igiya da jan gangare 10 ce kacal, gogayya kuwa gwargwadon bukata take bayarwa, 20 ɗin nan maƙurarta ce. Ta ba da 10, komai ya tsaya cik, igiya na ɗauke da 40. Duk ɗan dakon da ya taɓa ajiye buhun masara a kan katakon lodi ya ga ya zauna daram, ya san haka ko bai taɓa jin sunan Amontons ba.

Saboda haka gwanaye ba sa fara rubuta lissafi sai sun yi tambaya biyu. In da babu gogayya, ina kayan za su nufa? Ratar ta fi ƙarfin gogayya ko ba ta kai ba? A wannan misali, duk nauyin da aka rataya daga kilo 1 zuwa kilo 5 ba zai gusar da katakon ba. Abin lura, a ƙasa da kilo 3 gogayya sama take tura katakon don kada ya sulale, a sama da 3 kuma ta juyo tana riƙe shi ta ƙasa.

In aka rataya kilo 15, magana ta canja. Ja ya zama 150, a ɗebe 30 da 20, saura 100. Wannan ɗarin duka kayan biyu take ja, kilo 20, don haka gudu na ƙaruwa da mita 5 cikin daƙiƙa a kowace daƙiƙa. Jan igiyar fa? Ba 150 ba ne, domin nauyin da ke gangarowa ba ya sakar wa igiya dukan nauyinsa. A ɗebe 5 daga 10, a ninka da 15, a samu 75. A gwada ta wajen katako: 75 ban da 30 da 20 ya bar 25, daidai da kilo 5 sau 5.

Duk wannan ya jingina ne a kan ɗan sharaɗin da ake maƙalawa a ƙarshen tambaya, wanda ido kan tsallake: igiya ba ta miƙewa, ba ta da nauyi, kura kuma sumul take. Shi ya sa kayan biyu ke tafiya da sauri ɗaya. Da zarar an sako kura mai yawo, wadda ke hawa da sauka tare da kaya, sai a koma ƙirga tsawon igiya: in an ja bakin igiyar mita 2, kayan da ke jikin kurar mita 1 kawai za su ɗaga.