Abin da Ke Hana Mai Koyon Turanci Magana a Taron Ofis

A bankuna da kamfanonin sadarwa da ofisoshin ƙungiyoyin agaji, daga Kano har Legas, da Turanci ake zaman taro. A irin wannan zama ba a rasa mutum guda da ya fi kowa sanin aikin, amma har a tashi bai ce uffan ba. Sai an fito, a bakin ƙofa, ya ja abokin aikinsa gefe ya zayyana masa da Hausa inda shawarar da aka yanke za ta ci tura. Akan ɗora laifin a kan kunya ko ƙarancin kalmomi. Suna da nasu kason, amma babban abin da ke kayar da shi lokaci ne.

A shekarar 2009 Tanya Stivers da abokan aikinta suka fitar da nazarin da suka yi wa hirar yau da kullum a harsuna goma, ciki har da Turanci da Japananci da Italiyanci. Sun auna tazarar da ke tsakanin ƙarshen tambaya da farkon amsa, suka tarar galibi ba ta wuce kusan kashi ɗaya cikin biyar na sakan ba. Alhali ƙwaƙwalwa kan ci fiye da rabin sakan kafin ta zaƙulo kalma guda ta kai ta baki. Ashe masu hira tun mai magana bai dire ba suke shirya amsa, suna kintacen inda zai tsaya. Mai koyon harshe kuwa hankalinsa duk yana kan fahimtar abin da ake faɗa. Sai an gama zai fara harhaɗa jimla, ya duba ko nahawunta ya tsaya, kafin ya buɗe baki wani ya riga ya ɗauki zancen. In a Zoom ko Teams ake taron abin ya fi muni, don ga jinkirin intanet, ga makirfo a kashe, ga shi ba a ganin fuskar mai son magana.

Tarbiyyarmu ma tana ƙara nauyin. An koya mana ba a katse babba, kuma magana mai muhimmanci sai an yi mata shimfiɗa da gaisuwa da godiya. Ladabi ne mai kyau, ba na fatan mu rabu da shi. Sai dai a taron da ajandarsa ke da tsawo, wanda ya ɓata minti guda yana gode wa shugaba yakan ji an ce a wuce gaba kafin ya iso ga gundarin batun.

Tunda lokaci ne matsalar, kafin a zauna ake maganinta. Ka nemi ajanda tun jajibiri, ka zaɓi batu ɗaya ko biyu da kai ne ka fi sani, ka rubuta jimlar farko, ka maimaita ta da baki har ta zauna. Ka raɗa wa shugaban taro cewa kana da magana a kan batu kaza. Shi ne zai kira sunanka, ba sai ka yi kokawar neman fili ba. In zancen ya taso ba shiri, kada ka jira jimla ta kammalu a zuciya. Kalmomi uku ko huɗu masu nufin "ina da ƙari a nan" sun isa su kama maka layi, sauran ya biyo baya. Kuma ka fara da matsayarka, dalili ya zo daga baya: farashin nan ba zai fisshe mu ba, saboda kuɗin dakon kaya daga Apapa zuwa Kano ya tashi, ga adadin. Lamba ba ta buƙatar ƙwarewar harshe, kowa na jin ta.

Batun lafazi na damun mutane da yawa, musamman Bahaushen da aka taɓa yi wa dariya don ya haɗa sautin p da f. Damuwar ba ta banza ba ce. Wani gwaji da Shiri Lev-Ari da Boaz Keysar suka yi a Jami'ar Chicago a 2010 ya nuna masu sauraro kan rage gaskata magana in ta fito da baƙon lafazi, saboda wahalar da kunne ke sha wajen ganewa. Abin da ke rage wannan wahala shi ne sassauta gudu da gajarta jimla, kwaikwayon Ba'amurke ba ya ƙara komai. Ai mafi yawan masu magana da Turanci a duniya yau koyon sa suka yi, ba da shi aka haife su ba.

Amma rashin adalci ne a jibge wa mai koyo duk nauyin. Lokacin da Hiroshi Mikitani ya mayar da Turanci harshen aiki a kamfanin Rakuten na Japan a 2010, Tsedal Neeley ta Jami'ar Harvard ta shafe shekaru tana bin yadda abin ya kaya. Shawarar da take bai wa kamfanoni ita ce ƙwararru su rage mamaye zance, masu koyo su ƙara shiga, shugaba kuma ya tsaya a tsakani ya daidaita. A Amazon, manyan taruka kan fara da karanta takarda mai shafi shida shiru, kowa ya samu sararin tunani kafin a buɗe muhawara. Manajan da ke Kano ba ya buƙatar ko sisi don ya yi makamancin haka: ya raba takardu da wuri, ya dakata kaɗan bayan ya yi tambaya, ya kira sunan ma'aikacin da ya yi shiru. In kuma duk da haka aka tashi magana ba ta fito ba, mai ita ya aika saƙon imel ranar nan, layi uku, ya nemi a shigar da ita cikin bayanan taro kafin a raba su.