Tatsuniya a Tsakar Gida, Kafin Yaro Ya Riƙe Fensir

Da kaka, a ƙauyukan da ke kewaye da Funtua, Bakori, Ƙafur da Malumfashi, aikin gona ba ya ƙarewa da faɗuwar rana. Bayan sallar isha'i akan shimfiɗa tabarma a zauna ɓarar masara, yara na gefe suna taya iyaye. A da, a irin wannan zama ne kaka kan ce “Ga ta nan, ga ta nanku,” jikoki su amsa “Ta zo mu ji ta.” Yanzu wayar hannu ta karɓe hirar a gidaje da yawa: yara biyar a kan allon waya ɗaya, ba mai magana da wani.

Abin da aka rasa ya fi nishaɗi. A 2022 Bankin Duniya ya ƙiyasta cewa kusan kashi 70 cikin 100 na yara 'yan shekara goma a ƙasashe masu tasowa ba sa iya karanta ɗan gajeren labari su fahimce shi. Karatu aiki biyu ne: haɗa baƙaƙe su ba da kalma, da gane abin da kalmar take nufi. Na farkon malami ke koyarwa a aji. Na biyun kuwa da kunne ake tara shi, tun kafin yaro ya ga ƙofar makaranta. Yaron da ya sha jin labaran Gizo da Ƙoƙi ya san labari yana da farko da tsakiya da ƙarshe, ya saba riƙe zance a ka, ya kuma ji kalmomi irin su “kurmi” da “gungume” waɗanda hirar yau da kullum ba ta kawowa. Ran da ya gamu da su a takarda, ba baƙi ba ne a wurinsa.

Shi ya sa uwar da ke cewa “Ni ban yi boko ba, me zan koya masa?” ta raina abin da ke hannunta. Labari a bakinta yake. Abin da za ta ƙara kaɗan ne. Ta tsaya a tsakiya ta ce, “To Audu, me kake jin Gizo zai yi?” Kashegari ta ce shi ya ba ƙanwarsa labarin da kansa. Zai rikita shi, zai sa kura inda zaki yake. A bar shi, a nan harshensa ke warwarewa. Kacici-kacici da salon magana mai karya harshe su ma suna horar da kunne wajen bambance ƙ da k, ɗ da d, kuma a nan ne yara da yawa ke tuntuɓe idan sun fara rubutu.

Daga baki sai a gangara zuwa takarda. Yayan da ke ƙaramar sakandare ya rubuta tatsuniyar kaka a littafin rubutu, ya karanta wa ƙannensa yana bin layin da yatsa. Buhun taki da kwalin sabulu ma duk rubutu ne a jikinsu. Wanda ya samu hali ya nemi Tatsuniyoyi da Wasanni na Ibrahim Yaro Yahaya, ko Magana Jari Ce na Abubakar Imam, wanda ya taɓa koyarwa a Midil ta Katsina. Littafin nan na Imam ma, in an duba, labarin aku ne da ya riƙe ɗan sarki a gida da daɗin labari.

Gwamnati da ƙungiyoyi sun gwada nasu. Shirin RANA ya shigar da koyar da karatu cikin Hausa a ƙananan azuzuwan firamare na jihohin Katsina da Zamfara. Amma makaranta a yankin nan ba kullum take buɗe ba. Kowa ya ga yadda aka rufe makarantu bayan sace ɗaliban Ƙanƙara a Disambar 2020, ga kuma yaran da aikin gona ke ɗaukewa da damina.

Iyaye maza, kada ku bar wa mata aikin ba yara labari su kaɗai. Kafin a fita majalisa da dare, a zauna da yara ko na minti goma ne, a ba su labari ɗaya, a kuma saurari nasu.