Dokokin shiga jirgin ruwa: Abin da ya kamata fasinja da matuƙi su sani kafin barin gaɓa

A garuruwan bakin Kogin Neja da Binuwai da kewayen tafkin Kainji, kwale-kwale shi ne motar kasuwa, shi ne motar biki, shi ne kuma ke kai mara lafiya asibiti. Sai dai da wuya damina ta wuce ba a ji labarin kifewar jirgi ba, kuma kusan duk lokacin da aka bi diddigi sai a tarar an karya wata doka da ke rubuce tun kafin jirgin ya tashi.

Hukumar Kula da Hanyoyin Ruwa ta Ƙasa, NIWA, wadda aka kafa a 1997 kuma hedikwatarta ke Lokoja, ita ce ke da alhakin tsara zirga-zirga a manyan kogunan Najeriya. Ƙa'idojin sufurin ruwa na 2023 da take aiki da su sun wajabta yi wa jirgin haya rajista, da mallakar lasisi ga matuƙi, tare da tanadin hukunci ga wanda ya saɓa. Amma dokoki uku ne suka fi shafar ran fasinja kai tsaye.

Tafiyar dare

Hukumar ta hana fito daga ƙarfe 6 na yamma zuwa 6 na safe. Yawancin jiragen katako ba su da fitila, don haka matuƙi ba ya ganin kututturen itace ko dutsen da ruwa ya rufe. Idan kuma hatsari ya auku, masunta da masu ninƙaya da za su kawo ɗauki suna gida.

A watan Yunin 2023, jirgin da ya kwaso 'yan biki daga Jihar Neja ya kife cikin dare a yankin Patigi na Jihar Kwara, inda fiye da mutum 100 suka rasu. A farkon Oktoban 2024 ma da dare ne jirgin da ke ɗauke da masu zuwa Mauludi a Gbajibo, Ƙaramar Hukumar Mokwa, ya nutse da ɗaruruwan fasinjoji, galibinsu mata da yara.

Lodin da ya wuce ƙima

Kowane jirgi na da iyakar nauyin da zai ɗauka. Idan lodi ya yi yawa, bakin jirgin kan sauko dab da ruwa, ta yadda ƙaramar igiya ko firgitar fasinjoji zuwa gefe guda kan isa ya kife. Nauyin ba na mutane kaɗai ba ne: babura da buhunan hatsi da dabbobi duk suna cikin lissafi.

Jirgin da ya tarwatse a kusa da Warrah, Ƙaramar Hukumar Ngaski ta Jihar Kebbi, a watan Mayun 2021 yana ɗauke ne da fiye da mutum 150 haɗe da kaya. A ƙarshen Nuwamban shekarar, aƙalla mutum 29, yawancinsu ɗaliban Islamiyya, suka rasu a madatsar ruwa ta Watari da ke Bagwai a Jihar Kano, bayan an cika jirgi maƙil.

Rigar kariya

Doka ta ce ba a shiga jirgi sai da rigar kariya a jiki, a ɗaure. Rigar ba ta hana jirgi kifewa, amma takan riƙe mutum a saman ruwa har ceto ya iso. Ko gwanin iyo kan gaji a tsakiyar kogin da ya cika, balle idan wasu sun rirriƙe shi. Yaro kuma na buƙatar rigar da ta yi masa daidai, domin ta babba kan zame masa.

Inda gizo ke saƙar

Matsalar ita ce mashigan ruwa sun fi jami'an da ke sa ido yawa nesa ba kusa ba. Matuƙi na neman mayar da kuɗin mai, fasinja na gudun kwana a gaɓa, wasu ƙauyukan kuma ba su da gada ko hanyar mota da za ta zama zaɓi. A irin waɗannan wurare, Sarkin Ruwa da shugabannin ƙungiyar masu fito da masu unguwanni su ne hukumar da ake jin maganarta, kuma su ne za su iya hana jirgi tashi bayan faɗuwar rana.

Fasinja ma yana da nasa ƙarfin. Yana iya duba yadda bakin jirgi yake da ruwa, ya nemi rigar kariya, ya kuma ƙi shiga idan duhu ya kawo jiki ko hadari ya haɗo. Masu shirya biki ko Mauludi a ƙetaren kogi kuwa su tsara a sallami baƙi da sauran rana, ko a ba su masauki sai gari ya waye. Kwana a gaɓa ya fi sauƙi a kan a wayi gari masunta na lalubar gawa.