Mazari a Tafkunan Arewacin Zamfara: Yadda Ake Gane Shi

Idan damina ta ja baya, kogin Gagare na Kaura Namoda da kogin Bunsuru na Zurmi sukan bar tafkuna da kududdufai a fadamu, har zuwa ƙasar Shinkafi. A bakin waɗannan ruwaye ne mazari ke shawagi, watau ƙwaron nan mai fukafukai huɗu wanda Bahaushe ya ara wa sunan abin kaɗi.

Ko da yake suna ɗaya ake kiransu, masana sun kasa su gida biyu. Babban mazari kakkaura ne, idanunsa manya, galibi sun haɗu a tsakar ka, kuma in ya sauka sai ya bar fukafukansa a shimfiɗe. Siririn mazari kuwa kamar tsinke yake, idanunsa a rabe, tashinsa ba ƙarfi, kuma yawanci yakan haɗe fukafukai a bayansa.

Daga hantsi zuwa azahar ne lokacin dubawa. Mai lura ya zauna shiru, rana a bayansa, ya rubuta launi da girma da wurin sauka. Alal misali, jan nan da ke tsare kan ciyawa ɗaya, ya tashi ya komo, namiji ne mai gadin wurinsa. Akwai mai baƙin zane a fukafukai, wanda ke bin sawun shanu don kama ƙwarin da suka tasa. Akwai kuma ruwan ɗorawa mai yawo garke-garke, wanda masana ke kira Pantala flavescens. Shi ruwan sama yake bi, har yakan ƙetare teku daga Indiya zuwa Afirka ta Gabas.

Wannan aiki ba wasan yara ba ne. 'Ya'yan mazari a cikin ruwa suke girma suna cin 'ya'yan sauro, manyan kuma su kama sauron a sama. Idan maganin feshi ya gurɓata tafki, ire-irensu sukan ragu. A 2021 ƙungiyar IUCN ta bayyana cewa kashi 16 cikin ɗari na ire-ire 6,016 da aka bincika a duniya suna fuskantar ɓacewa, musamman saboda lalacewar fadamu.

Saboda haka malamin gona ko ɗalibi da ya riƙa ƙidaya ire-iren mazarin tafki guda kowace kaka, ya ajiye lissafin, zai ga alamar lalacewar ruwan da wuri, tun gyara yana yiwuwa.