Kango Ba Ya Zuwa Kotu, Takarda Ce Ke Zuwa

A bakin garin Magariya, haka ma Dungas, wadda ta zama gunduma mai cin gashin kanta a 2011, ana cin karo da gine-ginen da suka tsaya a linta, awaki na kwana a ciki. Wasu kuɗi ne suka yanke wa masu su. Wasu kuwa ɗan ci-rani ne ya yi ta aiko da guminsa daga Kano ko Libiya, dillali ko ɗan kwangila ya karɓe duka, aiki ya tsaya.

Faransa ta toshe wannan ƙofa da dokar 3 ga Janairun 1967. Mai sayen gidan da ba a gina ba yana biya ne daki-daki: kada ya wuce kashi 35 cikin ɗari in an gama harsashi, 70 in an yi rufi, 95 in gini ya kammala. Dole kuma banki ko kamfanin inshora ya tsaya wa magini, in ya karye a ƙarasa aikin. A Sin, bayan kamfanin gine-gine na Evergrande ya durƙushe a 2021, masu jiran gidajensu sun yi ta ƙin biyan bashin banki.

A ƙasar Damagaram, inda Magariya take, yawanci fegi ake saye, sai a nemi magini, don haka kariyar tana farawa daga takardar fili. Dokar karkara ta 2 ga Maris 1993 ce ta tanadi kwamitocin filaye da ake kira Kofo, waɗanda daga baya suka kai har ƙauye, kuma Mirya, maƙwabciyar Magariya, na cikin wuraren da aka fara kafa su. A ƙauye mai gari ne shugaban Kofo, shi ke sa hannu a takardar ciniki gaban shaidu. Fegin cikin gari kuwa takardarsa daga ofishin magajin gari take fitowa. Tun 2006 akwai kuma takardar mallaka mai sauƙin samu, wadda gwamnati ta laƙaba wa sunan Hausa: Sheda.

Abin da ke kayar da mutane shi ne kunya. Dillalin ɗan unguwa ne, maginin suruki ne, wa zai ce a rubuta? Alƙali kuwa abin da aka rubuta yake fara tambaya. Mai aiko da kuɗi daga nesa ya raba biya gwargwadon tashin gini, kowane kaso da rasit da shaidu, kuma ya riƙe na ƙarshe sai mabuɗi ya shiga hannunsa.